Ta Madubin Mota

Shekara goma sha tara ina jan sa.
Ƙeyata ya sani, ni kuwa goshinsa
na sani, ta madubin da ke kallon baya.

Ɗan mai goro ne a Agege, Tanimu,
a kan huhu ya yi karatun fitila.
Ya yi lauya, ya cinye tafin takalmi
tsakanin Igbosere da Ikeja,
kafin takarda ta iso daga Abuja:
an ba shi kujera a Kotun Tarayya.

Ran da ya dawo daga rantsuwa
unguwa ta cika, an kayar da sa,
kowa na cewa tamu ta samu.
Shi ko ya shige mota, ya ja gilashi,
ya ce, "Barau, daga yau ƙofata
ba a shigar ta da kaya."

Da asuba muke fita, kafin gada ta cushe.
Masunta na watsa koma a ƙarƙashinmu,
hayaƙin katako na tashi daga Oko-Baba,
shi yana duƙe kan fayil, biro a baki,
har Ikoyi ba ya ɗagowa ko sau ɗaya.

Da hannu yake rubuta kowace kalma,
ta lauya, ta shaida, ta mai kuka.
In wuta ta ɗauke, janareto ya ƙi tashi,
gumi ya biyo farar hular gashi,
baƙar riga ta manne a wuya.

Na tuna jirgin da ya tsare a Apapa
kan albashin matuƙa goma sha uku
da aka yasar a ruwa wata bakwai
suna shan gari ba sukari.
Da dare kawunsa ya zo da kwando,
farin goron Shagamu, an rufe da ganye.
Na ɗaga. Nauyin ba na goro ba ne.
Ya ce, "Mayar masa. Ka ce na gode."
Ya zari ƙwaya guda, ya ɗora kuɗinta a kai:
"Wannan na ci don zumunta,
wannan kuma na biya."

Jirgi ya tafi gwanjo, matuƙa suka ga gida.
Kawu ya rasu bai ƙara bin ta ƙofarmu ba,
ko a idi sai ya sake hanya.

Ba waliyyi nake wasawa ba.
Yana da faɗa. Ya taɓa korar lauya
kan lattin minti biyar, ana tsuga ruwa.
Akwai kuma yaron filin jirgi,
ɗan ashirin, da ƙulli sittin a ciki,
ya ba shi shekara goma sha biyar.
Uwar ta zube a bakin matakala.
A Obalende, cikin cunkoso, ya ce,
"Doka ce ta faɗa, ba ni ba."
Ni kuwa ban yi masa tambaya.

Sau uku sunansa ya hau jerin ɗaukaka ƙara,
sau uku aka tsallake shi kamar kwata.
Yaran da ya koya wa tsayuwa a gaban kotu
suka hau sama, suna soke hukuncinsa.
Ya karanta, ya ce, "Nan sun fi ni gaskiya.
Nan kuwa, a'a." Ya ninke, ya ajiye,
ya ce in tsaya mu sayi gasasshiyar doya.

Ran sallama aka yi ta zuba Turanci,
har lauyan da ya kora ya yi yabo.
Ya fito da riga a leda, hula a gwangwani,
na buɗe ƙofar baya,
sai ya zagaya, ya zauna kusa da ni.
Madubi ya zama fanko.
Ashe yana da tabo a haɓa, ban sani ba.

Muna tsakiyar gada ya sauke gilashi,
ya daɗe yana kallon kwalekwale.
Ya ce, "Barau, ruwan nan,
dama haka yake da faɗi?"
Na ce, "Ranka ya daɗe, haka yake jiya,
haka yake shekaranjiya."